Hannun da Haladu Ya Ƙi Kwancewa

A shekarar da kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan na ma'aikata, suka shigo gari, lokacin da masinja ya hau babur, ɗan kwangila ya hau Marsandi, mahaucin da ke yanka sa guda ranar kasuwa ya koma yanka uku, babu ɗan damben da ake ambata a Wudil kafin a ambaci Haladu. Duk wanda ya gaya maka akwai, ko dai ba a haife shi ba a lokacin, ko kuwa yana cikin waɗanda Haladu ya shimfiɗar, su kuma yanzu ƙasa ta rufe musu ido gaba ɗaya. Gajere ne, ƙirji kamar ƙyauren zaure, wuya da kai kusan faɗinsu ɗaya. Ɗan mahauta ne gaba da baya. Da safe yana rumfar baffansa Maikano yana saran ƙashi, da la'asar yana dandali yana saran maza.

Wanda ya koya masa tsayuwa kuwa wansa ne, Halliru. Uwa ɗaya, uba ɗaya, kuma zare ɗaya. Wannan igiyar auduga da 'yan dambe ke naɗe hannu da ita, guda ɗaya gare su su biyu. In Halliru ya gama nasa sai ya kwance ya miƙa wa ƙanen, da ɗuminta da guminta.

A kakar da ta wuce ne wani bahago mai suna Wali ya zo daga wajen Gusau, ya sami Halliru a bayan kunne. Halliru ya faɗi, ya tashi yana dariya, ya ba Wali hannu. Ya zo gida ya ci tuwo, ya ce kansa na sarawa, ya kwanta. Bai sake gane kowa ba har aka kai shi makwancinsa. Ranar addu'ar uku, uwarsu Hansai ta zaro zaren nan daga ƙarƙashin gado ta jefa a murhu a gaban Haladu.

Da kaka ta zagayo, sai wani ɗan kwangila da ke gine-gine a bakin titi ya so a san da shi. Ya aika har Gusau a ɗauko masa Wali, ya ce ranar Juma'ar kasuwa za a haɗa shi da ƙanen mamaci. Nan da nan gari ya ɗauka, har Darki da ƙauyukan bayanta.

Haladu ya taka da ƙafa har Ɗankaza, wurin wani tsoho mai ba 'yan dambe sa'a. Tsohon ya juya hannun Haladu gaba da baya kamar mai tayin akuya, ya sake shi.

"Wannan bai isa ba, yaro. Bahagon nan ya sha ya yi wanka. Amma akwai hannun da ke jiransa. Ka je kabarin ɗan'uwanka, ka ɗebi ƙasa ta wajen damansa, ka ƙulle a tsumma, ka damƙe a tafinka, a naɗe a kai. Zai zo. Sai dai ka buɗe kunne: daga an ɗaure, babu kwancewa sai jikin Wali ya taɓa ƙasa. In ka kwance kafin nan, ka saki hannun ɗan'uwanka a tsakiyar hanya. Ba zai iso gare ka ba, ba kuma zai gane hanyar komawa ba."

"Baba, ta yaya zan san ya zo?"

"Za ka sani. Hannun mamaci ba ya ɓuya."

Saura zare. Na auduga yana nan a kasuwa, amma a shekarar nan wa ke kallon auduga? Kowa na kanti yake so. Direbobin tirelolin siminti da ke yada zango a bakin gada suna ɗaure tamfol da wata igiyar nailan, shuɗiya, siririya, mai sheƙi, wadda ko bajimin sa ka ɗaure da ita ba ya tsinkewa. Wani daga cikinsu ya yanko wa Haladu doguwa kyauta, don son dambe.

Ana saukowa daga Juma'a suka zauna a gindin tsamiyar bayan dandali, shi da Ƙasimu, makaɗin kalangunsa, abokinsa tun suna wasan ƙasa. Haladu ya damƙe ƙullin ƙasar kabari a tafin damansa, aka rufa tsumma, Ƙasimu ya fara naɗi tun daga kan yatsu har wuyan hannu. Kan babban yatsa kaɗai ya leƙo.

"Ja mana."

"Na ja."

"Wannan ne ja? Kira mini matarka, ta fi ka ƙashi."

"Kai, jikan mahauta, kalanguna ma ban taɓa ɗaure shi haka ba. In na ƙara, sai hannun ya fara magana."

"To ya yi maganar. Taka da ƙafa ka ja."

Ƙasimu ya dafa ƙafa a jikin tsamiya ya ja, ya ƙulle, ya ƙona bakin igiyar da ashana don kada ta warware. Suka tsaya suna kallon abin. Shuɗi, cur, kamar kan taɓarya. A duk ƙasar Kano ba a taɓa ganin naɗi mai kyansa ba. Abin da su biyun ba su sani ba, zaren auduga in gumi ya jiƙa shi yakan ɗan saki, ya bar hannu ya sha iska. Nailan ba ruwanta da gumi.

Dandali ya cika har kan katanga. Ƙananan 'yan dambe suka yi ta yi, aka kashe wannan, wato aka kai shi ƙasa, aka raba wancan. Haladu na zaune a kan turmi ya ɗora hannun a gwiwa, yana jin sa yana bugawa, dum, dum, kamar an sa masa ƙaramar zuciya a cikin dunƙulen. Rana ta yi ja, babu Wali. Can dab da magariba wani direba ya kawo labari cewa motar su Wali tana Funtuwa a layin mai tun safe. Ƙasa mai rijiyar mai, amma mutum ya kwana a layi. Haka zamanin yake. Sarkin dambe ya ɗaga hannu ya ce sai gobe da la'asar.

Ƙasimu ya zo da reza. "Kawo in yanke, gobe ma sake sabo. Igiya ba ta ƙare ba."

Haladu ya mayar da hannun bayansa. "Ba a kwancewa."

"Har gobe? Da me za ka ci tuwo?"

"Da bakina."

A ƙofar gida ya tarar da Baffa Maikano ya tsuguna da buta. Baffa ƙanen ubansu ne, shi ya riƙe su tun uban ya rasu, kuma ya tsufa a kan wuƙa har gashin hannunsa ya yi fari. Ya dubi Haladu yana alwala da hagu yana shafa a kan nailan, ya bari har aka idar da salla. Sannan ya ce, "Miƙo nan in gani."

Ya juya hannun a hasken da ya rage. Tsumman da ke tsakanin layukan igiyar ya kumburo, kamar tsiren da aka ɗaure da zare. Kan babban yatsan ya yi jawur, ya yi sheƙi.

"Ya yi nauyi, Baffa," in ji Haladu da murna. "Ji ka ji. Kamar dutsen niƙa."

"Na ji. Ka san abin da ya sa?"

"Magani ne ke shiga."

"Jini ne ya rasa hanyar fita." Baffa ya zaunar da shi a dakali. "Kullum kana gani a mayanka, lura ce ba ka yi. In wuƙa ta ratsa wuyan sa, jini iri biyu ke fita. Ɗaya ja wur, yana tsartuwa, tsit, tsit, daidai da bugun zuciya. Ɗayan mai duhu, malala yake a hankali. Na farko daga zuciya ya taso, zai kai wa jiki abinci. Na biyu ya sauke kaya yana komawa gida. Jini ba ruwan randa ba ne da zai zauna wuri guda, ɗan nan. Bafatake ne, kullum yana hanya. Jijiyar zuwa tana can ciki kusa da ƙashi, tauri gare ta. Ta komawa kuwa ga ta nan." Ya nuna bayan hannunsa, inda jijiyoyi suka yi kore-kore a ƙarƙashin fata, ya danna ɗaya ta ɓace. "Ka gani? Yatsa ma rufe ta yake, balle wannan igiyar tirela. Ka toshe ta komawa, ta zuwa tana ta turowa. Ka san yadda gari yake ranar kasuwa in mota ta mutu a kan gada ta hannun masu fita. Masu shigowa su yi ta shigowa har wuri ya cushe, daga nan su ma babu shiga. To gobe war haka babu shiga."

"Gobe war haka na gama da shi."

"Ko ya gama da kai, tun kafin bahagon ya ɗaga hannu."

Haladu ya sunkuyar da kai don girmamawa, amma a ransa cewa yake: Baffa naman shanu ya sani, matattun shanu. Me ya sani a kan abin da ke cikin tafin nan?

A tsakar gida Hansai ta ajiye masa kwano. Ta tsaya tana kallon sa yana kokawa da tuwo da hagu, miya na bin gwiwar hannunsa. Sai ta zauna a kan tabarma, ta wanke hannu, ta gutsuro loma ta kai masa baki. Ƙato kamar Haladu, wanda maza ke kauce wa a hanya, ya buɗe baki ya karɓa. Ba ta taɓa kiran sunan Halliru ba yana raye, saboda ɗan fari ne, kuma mutuwa ba ta canza wannan ba.

"Na ƙona wancan zaren don kada in sake gani," in ji ta. "Ka je ka samo wanda wuta ma sai ta yi da gaske."

"Inna, don Yaya nake yi."

"Shi ya aiko ka?"

Ta ƙara masa loma.

Abin da hannun nan ya yi masa kafin gari ya waye, da wani namijin ne da ya tara unguwa da ihu. Kamar an tura shi cikin tukunyar tafasasshen mai, kamar ana zare ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya. Haladu ya cusa gefen bargo a baki, ko tari ba a ji ba. Irin mazan da aka yi ke nan a da.

Da kiran assalatu sai ya farga babu ciwo. Ya ɗauke ɗif, kamar ruwan sama. Babu bugun nan, babu zafi. Ya ɗaga hannun ya kai kumatunsa, sai ya ji sanyi, irin sanyin gindin randa. Ya san sanyin nan. Shi ya riƙe hannun Halliru ranar da ake yi masa wanka, ya ɗaga shi a zuba ruwa, kuma haka ya ji shi: nauyi, sanyi, ba ya taya ka ɗagawa. Ya ƙwanƙwasa dunƙulen a jikin bango, ya ji ƙarar a kunne, ya ji girgizar a kafaɗa, amma a hannun bai ji komai ba.

"Yaya," ya ce a hankali. "Sannu da zuwa."

Duk safiyar nan a gindin bango ya yi ta, ya ɗora hannun a cinya kamar wanda aka ba jinjiri riƙo. Rana ta hau, ta gasa masa wuya da ƙafafu, hannun bai ɗumama ba. Ƙudaje suka fara sauka a kan nailan ɗin, yana kore su da hagu, suna dawowa. Wani lokaci sai ya ga kamar dunƙulen ya ɗan motsa ba da izininsa ba. Ya yi ta ba shi labarin gida: an sayar da jan san nan, katangar baya ta zube da damina, Inna ba ta cin abinci sosai. Farin ciki yake yi, amma irin wanda ke sa bayan wuya sanyi.

Da hantsi Baffa ya dawo daga mayanka da jini a gefen rigarsa. Ya tsuguna a gabansa, bai ko gaisa ba.

"Yana ciwo?"

"Ya daina, Baffa. Alhamdu lillahi."

"Inna lillahi." Baffa ya taɓa dunƙulen da bayan hannu, ya janye. Ya miƙo nasa babban yatsan. "Duba nan." Ya danne farcen ya yi fari, ya saki, nan take ja ya dawo. "Ka ga wannan? Tsakanin jijiyar zuwa da ta komawa akwai wasu 'yan ƙanana, sun fi gashi siranta, kamar saiwar gero. Su ke shayar da nama. Na kore jinin, ya dawo da gudu. Kawo naka."

Farcen Haladu ya riga ya yi launin makuba. Baffa ya danna ya saki. Suka zuba ido. Can, da ƙyar, wani abu mai kama da ja ya rarrafo daga gefe.

"Yana zuwa, amma kamar tsohuwa da sanda. Wannan ke nan da ke waje. Na cikin tsumma Allah kaɗai ya san halin da suke." Ya zaro wuƙarsa ta fiɗa, wadda wasawa ta cinye har ta zama kamar ganyen albasa. "Ciwo shi ne rai, Haladu. Naman da ke ihu yana neman a cece shi ne. Wanda ya yi shiru, ka san irinsa, shi muke ratayewa a rumfa."

"Ba mutuwa ya yi ba, Baffa. Yaya ne ya shigo." Ya gaya masa komai, da Ɗankaza, da ƙasar kabari, da sharaɗin.

Baffa ya sauke wuƙar. "Ni na sa Halliru a kabari da hannuna. Yana can inda na sa shi, Allah ya kai masa haske. Abin da ke cikin igiyar nan hannunka ne, na ɗan wana, wanda nake sa ran zai riƙe wuƙar nan in na kwanta. Miƙo."

Haladu ya miƙe tsaye ya ja da baya har ya jingina da bango. "In ka yanke, Baffa, ka bar shi a hanya. Ba nan, ba can. Ka iya kwana da wannan?"

Wa zai danne Haladu a zamanin nan? Ƙarti huɗu ba su isa ba, balle tsoho ɗaya. Baffa ya mayar da wuƙar kube.

"Zan zauna a bakin dandali, ta wajen tsamiya. Ni da dambe rabonmu tun ranar da aka bugi Halliru, amma yau zan je. Wuƙar tana aljihuna. In ka ga dama ka kira ni."

Wali ya iso da azahar a bayan motar shanu. Da la'asar dandali ya fi na jiya cika, don har waɗanda suka ci kasuwa suka ƙi tafiya. Ƙasimu ya saƙale kalangu a hammata yana zuga, yana kiran Haladu da sunayen da ya saba: gatarin Maikano, na Hansai ba ka da wa sai Allah. Ya faɗi wannan na ƙarshen ne kafin ya tuna da Halliru, sai kiɗan ya ɗan yi tuntuɓe.

Dogo ne Wali, baƙi, da tabo a gira. Da aka tsayar da su gaba da gaba, maimakon harara sai ya matso, ya yi ƙasa da murya yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Ya haƙuri? Sai bayan wata biyu na ji. Wallahi ban so ba. Allah ya jiƙansa, namiji ne."

Haladu ya shirya wa zagi, ya shirya wa dariya, bai shirya wa wannan ba. Bakinsa ya ce amin da kansa. Idon Wali ya sauka kan shuɗin dunƙulen, ya ɗan yamutsa hanci, kamar zai yi magana, sai aka buɗe fili.

Suka yi ta zagaye, kowa ya miƙa hannun kariya yana auna ɗan'uwansa. Haladu ya ji damansa na rataye a kafaɗa kamar guduma da aka ɗaura masa. Wali ya kawo hagu, ya kauce, iskar ta wuce ta kunnensa. Ya juya kafaɗa ya saki nasa. Sai ya ga Wali ya yi taga-taga, ya dafe haƙarƙari, jama'a sun ɗauki ihu. Ya same shi ke nan? Bai ji ba. Duk damben da ya yi a duniya, hannunsa ke fara gaya masa kafin ido: nan tsoka ce, nan ƙashi ne, wannan ya shiga. Yau kamar yana tsaye cikin 'yan kallo wani na yi.

Aka raba, aka sake haɗawa. A turmi na biyu Wali ya shigo da ƙarfi, ya same shi a goshi har ya ga wuta. Haladu ya sunkuya, kafaɗarsa ta juya, abin nan mai sanyi ya tashi daga ƙasa ya wuce ta gaban idonsa. Ya ji wata ƙara, ƙas, bai san ko daga muƙamuƙin Wali ta fito ba ko daga cikin tsumma. Wali ya tafi da baya, dogon mutum, ya zube gaba ɗayansa, ƙura ta tashi.

Wudil ta tsage. Aka ɗaga Haladu sama, ana manna masa kuɗi a goshi, ɗan kwangila na ta ɗaga babbar riga yana neman a ga fuskarsa. Shi kuwa Haladu yana can sama a kan kafaɗun mutane, ya rungume dunƙulen a ƙirji, yana jira. An cika sharaɗi. Jikin Wali ya taɓa ƙasa, ga shi can ma an tashe shi zaune ana ba shi ruwa. Yanzu baƙo zai yi sallama ya koma, ɗumi ya dawo.

"Yaya, an gama," ya ce a cikin hayaniyar. "Ka huta. Sai wata rana."

Sanyin bai motsa ba. Ya ma haura, ya wuce bakin igiyar ya kama hanyar gwiwar hannu. Ya ce wa yatsunsa su motsa, kamar yana kiran mutanen gidan da suka yi ƙaura. A nan ne tsoro ya shige shi, irin wanda bai taɓa ji a gaban namiji ba. Ya fizge, ya diro daga kafaɗun mutane, ya ratsa su yana ture na turewa, har gindin tsamiya.

"Baffa! Baffa, yanke!"

Tsohon ya riga ya zare wuƙar. Ya zaunar da shi, ya ɗora hannun a gwiwarsa, ya nemi bakin ƙullin. Igiyar ta nutse cikin nama har sai da ya tura tsinin wuƙar a kwance. Layi ɗaya ya tsinke, tas, sannan na biyu. Ƙasimu ya iso da kalangu a hammata, ya ga abin da ke fitowa daga cikin tsumma, ya ajiye kalangun a ƙasa. Mutane suka kewaye su, ihun ya yi ta mutuwa daga gaba zuwa baya.

Hannun ya kumbura ya yi biyun na hagu, shatar igiya ta zagaye shi kamar kunyoyin gona. Wani wuri baƙi, wani wuri fari fat. Baffa ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, suna ƙin buɗuwa, na tsakiya ya karye yana lilo. Ƙullin ƙasar ya faɗo, ya jiƙe sharkaf. Baffa ya ɗauke shi ya sa a aljihu.

"Ku matsa ku ba shi iska," in ji shi. "Kuma duk mai ƙaunar yaron nan ya roƙi Allah ya sa ya yi ihu."

Aka yi tsit. Baffa ya sa yatsu biyu a wuyan hannun, ta gindin babban yatsa, ya rufe ido kamar mai sauraron tafiya daga nesa. Haladu na kallon fuskarsa. Ladan ya fara gyaran murya a masallacin kasuwa.

"Akwai," in ji Baffa. "Ƙanƙane, amma akwai. Yana ƙwanƙwasa ƙofa."

Ya fara ne kamar tururuwa a gindin babban yatsa. Tururuwar ta zama allurai, alluran suka zama garwashi, sannan wani abu ya ɓarke ya bi ta manuniya kamar an zuba narkakken dalma. Haladu, wanda ya kwana da bargo a baki bai yi tari ba, ya buɗe maƙogwaro ya kurma ihun da aka ji har bakin kogi. Hansai ta gaya masa daga baya cewa tana tsakar gida ta ji, ta gane muryar, kuma da yake Baffa ya riga ya yi mata bayani, sai ta faɗi ta yi sujada.

Baffa na dariya hawaye na bin gemunsa. "Ƙara, ɗan nan! Ƙara!" Ya mintsini babban yatsa, Haladu ya zabura. Ya mintsini manuniya, Haladu ya zage shi bai sani ba. Ya kama na tsakiya ya mintsina. Ya sake mintsina, da farce.

"Baffa, ka taɓa mana," in ji Haladu, idonsa a rufe.

Baffa ya saki na tsakiyan. Ya gwada na kusa da shi, ya gwada ƙaramin. Sannan ya cire rawaninsa ya naɗe hannun sako-sako, ya ce a nemo mota.

A asibiti a Kano aka cire yatsu ukun. Baffa ya kawo su gida a farin ƙyalle ya binne, bai gaya wa kowa inda ya sa su ba. Haladu bai sake ɗaura zare ba, amma da yatsu biyun nan ya riƙe wuƙar Maikano, ya fiɗe shanun da ba su ƙirguwa, ya aurar da 'ya'ya da jikoki. Ya ga bayan Wali, ya ga bayan ɗan kwangila da Marsandinsa, ya ga bayan Ƙasimu, Allah ya jiƙan Musulmi. Ka same shi a rumfa ka tambaye shi damben da ya yi, sai ka gaji da ji: wanda ya kashe a Gaya, wanda ya kashe a Garko, ƙaton da ya sa ya manta sunan garinsu. Ba ya rage ko ɗaya, wani lokaci ma yakan ƙara.

Amma in yaro ya ce, "Baba, ba mu labarin ranar da ka kashe Wali," sai ya dubi gefen hannun da babu komai, ya murza shi a hankali da hagu kamar mai ɗumama wani.

"An ce ni ne," yakan ce. "Ni dai ina wurin."